Ledar tsirrai da baƙar leda: inda lissafin kuɗi yake tsayawa a Sakkwato

A Babbar Kasuwar Sakkwato, idan ka sayi tumatir na ɗari biyar, mai kayan zai zaro baƙar leda daga bandir ɗin da ke rataye a ƙusa, ya jiƙa yatsa ya murza bakinta, ya hura ta buɗe, ya zuba maka. In ka ce masa, "Malam, ƙara min guda, wagga ba ta da ƙarhi," sai ya ninka maka biyu ba tare da ya nemi ko sisi ba. Duk wanda ke son kawo robar da ake yi da tsirrai cikin wannan kasuwa, da wannan ledar ta biyu zai yi gasa: abin da ya yi arahar da ɗan tireda ke kyautar da shi bai ji a jikinsa ba.

Kafin a shiga kuɗi, sai an raba kayan, domin sunan "robar tsirrai" yana rufe abubuwan da ba su yi kama da juna ba. Akwai wadda aka yi da tsiro amma ba ta ruɓewa, kamar polietilin, wato robar da ake yin leda da ita, wanda kamfanin Braskem ke yi da rake a Triunfo ta ƙasar Brazil tun 2010. Ita wannan leda ce sak, za ta daɗe a bola kamar ta fetur. Akwai wadda aka yi da tsiro kuma tana ruɓewa idan sharuɗɗa sun cika, wato PLA da PHA, waɗanda ake samowa daga sukarin da ƙwayoyin bakteriya suka ci, da robar sitaci. Sai kuma PBAT, wadda daga man fetur ake yin ta amma ƙwayoyin halitta na iya cinye ta. Yawancin ledojin da ake bugawa "mai ruɓewa" a jikinsu haɗi ne na PBAT da sitaci da ɗan PLA, domin PLA zalla tana da tauri, tana tsagewa kamar busasshen ganye, ba ta yin ledar cefane.

Duniya tana yin roba kusan tan miliyan 400 a shekara. Dukkan masana'antun robar tsirrai, da mai ruɓewa da marar ruɓewa, ƙarfinsu bai wuce tan miliyan biyu da rabi ba zuwa 2024, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sashen polifirofilin (robar fetur da ake yin buhu da ita) na matatar Dangote da ke Lekki shi kaɗai an gina shi ne a kan tan 830,000 a shekara, wato kusan sulusin abin da duk duniya ke iya yi na robar tsirrai. Ɗaya daga cikin manyan masana'antun PLA, ta NatureWorks a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka, tan 150,000 take yi. Ta TotalEnergies Corbion a Rayong ta Tailan, tan 75,000. Girman masana'anta ba ado ba ne. Kuɗin gini da na injiniyoyi da na bashin banki ana raba su ne a kan yawan tan ɗin da ya fito, kuma polietilin, wanda aka gano a Ingila a 1933, ya shafe sama da shekara tamanin ana gyara hanyar yin sa ana tsuke ɓarna.

Amma ko da masana'antun sun yi girma ɗaya, akwai gibin da ke cikin sinadarin kansa, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi da kyau.

PLA daga sukari take farawa. A ɗauko sitacin masara ko na rogo a narka shi ya koma sukari, ko a ɗauko sukarin rake kai tsaye, a ba ƙwayoyin bakteriya su tsamar da shi ya zama ruwan tsami na laktik, irin wanda ke sa nono ya koma kindirmo. Matsalar ita ce tsamin da bakteriyar ke fitarwa yana kashe su, don haka a tsohuwar hanya ana zuba farar ƙasa tana kashe tsamin yayin da aikin ke tafiya, daga baya a zuba ruwan batir mai ƙarfi a kwato shi. Wannan zagayen yana barin kusan tan ɗaya na dusar jibsam a kan kowane tan na tsamin, wadda sai an nemi inda za a kai ta. Bayan haka a tace, a cire ruwa, a mayar da shi wani sinadari mai suna laktayid, a sake tacewa, sannan a ɗinka shi ya zama dogayen sarƙoƙin roba. A takarda, kilo 1.25 na sukari zai ba da kilo ɗaya na PLA. A masana'anta, kusan kilo 1.6 ake ci. Idan tan na sukari yana dala 400, an kashe dala 640 a kan sukari kaɗai kafin a kunna tukunya, alhali a shekarun da kasuwa ke zaune polietilin da aka gama yi ana sayar da tan ɗinsa ne a tsakanin dala 1,000 zuwa 1,300.

Polietilin na rake ya fi haka cin kaya. Idan sukari ya tsima ya zama etanol, kusan rabin nauyinsa yana tashi a matsayin iska: giram 180 na sukari, giram 92 kawai ke zama etanol. Daga etanol zuwa etilin, sinadarin da ake ɗinka polietilin da shi, kuma ana cire ruwa, giram 46 ya koma 28. A haɗa biyun, ko babu ɓarna ko kaɗan sai an ci sukari sama da kilo 3.2 a samu kilo ɗaya na leda. Abin da ya sa Brazil ta iya shi ne tun 1975 gwamnatinta ta kafa shirin etanol na rake, gonakin suna da girma, kuma tuƙar raken da aka matse ita ake ƙonawa ta ba masana'anta tururi da lantarki. PHA kuwa, wadda ita ce ta fi ruɓewa a ƙasa da ruwa, bakteriya ce ke tara ta a cikin jikinta kamar kitse, sai an fasa ƙwayoyin an wanko ta, kuma sukarin da take ci ya kusa kilo uku a kan kilo ɗaya. Shi ya sa farashinta ke ninka na polietilin sau uku zuwa biyar. Kamfanonin Metabolix da ADM sun gina mata masana'antar tan 50,000 a Clinton ta jihar Iowa, a farkon 2012 ADM ta janye saboda ciniki bai biya ba. Danimer Scientific, wanda ya biyo baya da irin wannan buri, ya shigar da takardun karyewar jari a watan Maris na 2025.

A ɗaya ɓangaren, ɗanyen kayan robar fetur ba noma shi ake yi ba, rarar aikin mai da iskar gas ne. Duk sanda ɗanyen mai ya faɗi, kamar yadda ya sauko daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, leda tana bin sa ƙasa, sukari da masara kuwa ba lallai ne su bi shi ƙasa haka ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kwatanta farashin kilo da kilo. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano da kilo yake sayen ƙwayar roba, amma dila a Sakkwato da ƙidaya yake sayen leda, kuma robar tsirrai ta fi nauyi. Santimita ɗaya murabba'i mai zurfi na polietilin mai tauri giram 0.95 ne, na haɗin PBAT da PLA kuwa kusan 1.25. A ɗauki leda mai faɗin santimita 30, tsawo 40, kauri maikiron 20 (maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta dubu). Fuska biyu ne, jimillar robar da ke jikinta santimita 4.8 mai zurfi. Da polietilin nauyinta giram 4.6, kilo ɗaya ya ba da leda kusan 219. Da haɗin mai ruɓewa nauyinta giram 6, kilo ɗaya ya ba da 167. Leda sama da hamsin sun ɓace a kowane kilo, inji ɗaya, ma'auni ɗaya.

Yanzu a sa kuɗi, a matsayin misali: polietilin dala 1,100 tan, haɗin mai ruɓewa dala 2,500, dala a naira 1,500. Robar da ke cikin ledar farko ta kama naira 7 da rabi, ta biyu naira 22 da rabi. Farashin kilo ya ninka sau biyu da ɗan ɗori, farashin leda ya ninka sau uku. Mai tumatir da ke ba da leda ɗari a yini zai ga ƙarin naira 1,500 kullum, 45,000 a wata, a kan ƙwayar roba kaɗai, ba a sa ladan masana'anta da mota da ribar dila ba.

Wannan ma an yi wa robar tsirrai sassauci ne, domin baƙar ledar kasuwa ba ta kai maikiron 20 ba, kuma ba da sabuwar ƙwaya zalla ake yin ta ba. Polietilin mai tauri yana jure a hura shi ya yi siriri har wajen maikiron 10. Ana haɗa shi da tsohuwar robar da 'yan jari-bola suka tsinto aka niƙa aka narka, a ƙara garin dutsen farar ƙasa don ya cika nauyi da araha, a zuba baƙin launi ya rufe dattin kala. Baƙin nan da muke gani dalilinsa ke nan. Abokin gasar robar tsirrai a Sakkwato shi ne wannan haɗin, mafi arahar abin da injin leda zai iya fitarwa.

Sai batun dala. Polietilin da polifirofilin ana yin wani kaso a gida, a Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal da kuma Lekki, tsohuwar roba kuma da naira ake sayen ta a kan sikeli. PLA da PBAT kuwa sai an yi odar su daga Sin ko Tailan ko Turai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kwantena za ta sauka a Legas, a biya kwastan da kuɗin tasha, ta hau tirela ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta iso. Mai ƙaramin jari ba zai iya sayen buhu goma ya gwada ba. Ko dai ya cika kwantena ya ɗaure kuɗinsa na watanni, ko ya saya a hannu na uku.

A cikin masana'anta ma akwai kuɗin da ba a gani a takardar farashi. Polietilin daga buhu ake juye shi cikin inji. PLA da PBAT suna shan laima daga iska, kuma idan aka narka su da laima a jiki, ruwan yana yanka sarƙoƙin robar tun a cikin inji. Alamarsa ita ce balan-balan ɗin ledar da ke hawa sama ya riƙa rawa yana fashewa, ledar ta fito da ƙananan ƙuraje, ta yage da an ja ta. Don haka sai an busar da ƙwayar PLA na wajen awa huɗu a injin busarwa mai tsotse laima, a zafin da ya kai digiri 80, har ruwan da ke ciki ya sauko ƙasa da kashi 0.025 cikin 100. Zafin narkarwa ma sai an rage shi, saurin inji ya ragu, wuƙar liƙe gindin leda a sake saita ta, kuma kafin a canza kaya sai an wanke cikin inji da ƙwaya mai yawa wadda ta zama asara. Kowace awa ta busarwa wuta ce. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, zuwa naira 225 a kan yunit, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki robar da ke cikin bututu tana lalacewa da sauri fiye da polietilin, sai a koma kan janareta da man gas.

Yanayin Sakkwato kuma yana da tasa magana. PLA tana fara laushi a tsakanin digiri 55 zuwa 60. A watan Afrilu inuwa kanta tana wuce digiri 40 a garin nan, cikin rufaffiyar mota ko kwantenar ƙarfe da ke rana kuwa yana iya kai wa inda kofuna da mazuban PLA za su lanƙwashe tun ba a sayar ba. Mai koko da mai alale da mai tuwo da ke zuba abinci da zafinsa ba su da abin yi da ita. Haɗin da sitaci ya yi yawa a ciki yana bin iska: da hunturu ya bushe ya yi ƙarau, da damina ya sha laima ya yi danƙo. Masu yin irin wannan leda da kansu sukan ba ta wa'adin ajiya na watanni, ba shekaru ba, alhali dila na iya jibge baƙar leda a sito ya manta da ita. Ruwan leda kuwa, wanda shi ne ya fi cika magudanai, a bar shi gefe: sacet ɗin santilita 50 aikinsa riƙe ruwa, a jera ashirin a jaka, a ɗora jaka kan jaka a bayan mota cikin rana. PLA da sitaci suna barin tururin ruwa ya ratsa su fiye da polietilin nesa ba kusa ba, kuma abin da aka ƙera don laima ta ci shi ba zai zama gidan ruwa ba.

Ana yawan cewa Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, tana fitar da wajen tan miliyan 60, don haka me zai hana mu yi robarmu. Gaskiya ne muna da yawa, amma yawan ba shi ne araha ba. Hektar rogo a nan ba ta kai tan 10 a matsakaici, a Tailan tana haura 20. Sai an niƙa tan huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo a samu tan ɗaya na sitaci, kuma saiwar tana fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku da tono, don haka masana'anta dole ta zauna kusa da gona. Rogon nan kuma yana da masu jiransa: garin kwaki, alabo, fufu. Sukari ma yawancinsa shigo da ɗanyensa ake yi ana tacewa. Raken fadamun Sakkwato na sha ne da mazarƙwaila, gero da dawa da masara kuwa tuwon gida ne. Duk buhun da aka karkatar zuwa roba sai an saye shi a farashin abinci. Gwajin da ɗalibai ke yi a ɗakin bincike, a dafa sitaci da gilisarin da ruwan tsami a shanya a faranti, yana koyar da ilimi mai kyau, amma fallen da ya fito ba zai hau injin hura leda ba sai an cakuɗa shi da PBAT mai rinjaye, ita kuma da dala ake sayen ta.

To a ce an biya ninki ukun. Me aka saya? A nan ne abin ya fi damun duk wanda ya san yadda bolar garin nan take. Ma'aunin Turai na EN 13432, wanda yawancin tambarin "mai zama taki" ke dogara da shi, yana gwada leda ne a zafin digiri 58 cikin danshi da iska: cikin mako 12 kashi 90 cikin 100 ya wuce rariya mai ramin milimita biyu, cikin wata shida kashi 90 ya narke. Wannan yanayin masana'antar taki ne, inda ake juya tari ana shayar da shi ana auna zafinsa. Sakkwato tana samun ruwa ne daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin bola a bushe take ƙayau, kuma ƙwayoyin da ke cin roba ba sa aiki babu ruwa. Ledar PLA da ta maƙale a ƙaya a bayan gari za ta ga damina fiye da ɗaya. Mahauta a kwata sun san dunƙulen leda da igiya da ake cirowa daga tumbin shanu da tumaki da jajayen awakin nan, dabbar ta rame tana ci ba ta ƙiba, a sayar da ita da asara. Wannan hasara ce ta gaske da farashin baƙar leda bai ɗauka ba, makiyayi ne ke biya. Sai dai zafin tumbi wajen digiri 39 ne, kuma takardar shaidar zama taki ba ta yi alkawarin narkewa a cikin dabba ba.

Akwai ma ɓarnar da za ta faɗa kan masu sana'ar bola. Gorar PLA da ta PET, wato robar gorar ruwa da lemo, ido ba ya raba su, a ruwa dukansu nutsewa suke yi, amma PLA tana narkewa a zafin da ake busar da PET, sai ta dunƙule niƙaƙƙen kayan ta ɓata shi. Ledar sitaci da ta shiga cikin tsohon polietilin tana sa sabuwar leda ta yi huji. Mai saye a Kano in ya ga haka sau ɗaya, farashin buhun kowa zai rage.

Inda robar tsirrai ta samu kasuwa, doka ce ta share mata hanya. Italiya ta hana ledar cefane marar ruɓewa a 2011, Sin ta fitar da tsarin taƙaita roba a farkon 2020, masana'antun PBAT suka yawaita a can har farashinta ya sauko. A gida, Legas ta hana mazuban abinci na soso a Janairun 2024, ta fara tilasta dokar robar amfani sau ɗaya a Yulin 2025. Irin wannan doka a Sakkwato, babu masana'antar taki kuma babu mai auna kaya a bakin kasuwa, abin da za ta fara jawowa shi ne jabu: polietilin na yau da kullum da aka ɗiga wa ɗan sinadarin da ke sa rana ta farfasa shi, a buga masa hoton ganye. Ba ya ruɓewa, rugurgujewa yake yi ya bi ƙasa da ruwa, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun Yulin 2021. Duk ledar da aka ce mai ruɓewa ce amma farashinta ya yi kusa da na baƙar leda, cinikin biri a sama ne. Gwaji na farko mai sauƙi: a yanki ɗan ƙyallen ledar a jiƙa shi sosai a tura cikin kofin ruwa. Polietilin zai taso, haɗin PBAT da sitaci zai nutse. Wanda aka cika wa garin dutse ma yana iya nutsewa, don haka tasowa ce hujja, nutsewa ba ta wanke kaya ba.

Wurin da lissafin ke iya juyawa shi ne gona, inda kwashe leda bayan aiki ya fi sayen ta wahala. A ɗauki shimfiɗar leda da ake rufe kunya da ita don riƙe laima da danne ciyawa, abin da zai yi amfani ga masu noman rani na tumatir da tattasai da kankana a Goronyo da Wurno da Kware. Ta polietilin sai ta yi kauri, wajen maikiron 25, don a iya naɗe ta bayan girbi ba ta yayyage ba. Mai ruɓewa kuwa maikiron 12 ya isa, tunda garma za ta bi ta kanta. Idan za a rufe murabba'in mita 7,000 a hekta ɗaya, ta farko kilo 161 ce, ta biyu kilo 105. Ko da kilo ya ninka sau biyu da rabi, kuɗin hekta kusan ninki ɗaya da kashi shida cikin goma ne kawai, kuma an huta da biyan 'yan ƙwadago su tsince ta, an huta da ƙona ta, ƙasa ba ta tara tsummokaran da ke hana saiwa da ruwa wucewa ba, irin abin da ya addabi gonakin auduga na Shinjiyan a Sin. A nan ma'aunin da za a nema shi ne EN 17033, wanda ke gwada ruɓewa a cikin ƙasa, kashi 90 cikin wata 24, ba na masana'antar taki ba. Fadamar da ake shayarwa tana da danshin da bola ba ta da shi.

Haka ledar renon itatuwa. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, kuma kowane dashe yana zuwa ne a baƙar leda da sai an yanka an cire, a nan ne ƙasar ke warwarewa saiwa ta ji rauni, ledar kuma ta rage a fili dabbobi su bi. Wadda za a binne da ita ta kawar da wannan duka. Sharaɗin shi ne ta jure wata uku zuwa huɗu ana ba ta ruwa safe da yamma a gandun reno. In sitaci ya yi yawa, gindinta zai zube tun kafin ranar dashe. Mai saye ya nemi a rubuta masa kason PBAT da na sitaci, da kauri, da ranar da aka yi ta, ya ajiye kayan a inuwa cikin buhunsu a rufe, ya fara da 'yan ɗaruruwa a gefe ɗaya na gandun, ya riƙa ɗaga guda goma duk mako biyu yana duba gindinsu kafin ya yi odar kwantena.